Yadda za ka mayar da wayarka ta koma Ubuntu Touch don amfanin yau da kullum

Tun kafin ka taɓa waya, duba ko samfurinta yana cikin jerin wayoyin da UBports ke tallafa wa. Su ne ƙungiyar da ta ci gaba da Ubuntu Touch, wato tsarin waya na Linux da ke maye gurbin Android, bayan Canonical, kamfanin da ya ƙirƙire shi, ya janye a 2017. Pixel 3a da Fairphone 4 da wayoyin Volla suna aiki da kyau. Galibin Tecno da Infinix da itel ba sa ciki, don haka kada ka ɓata lokacinka a kansu. In kuma Pixel ɗin ta hannu ce daga Amurka, ka tabbatar ba ta kamfanin Verizon ba ce, domin nasu ba a iya buɗe makullin da ke hana sauya tsarin wayar.

Kwashe hotuna, ka fitar da lambobin mutane cikin fayil ɗin vcf, saboda buɗe makullin yana goge komai. Sai ka shiga saituna, ka danna Build number sau 7 har Developer options ya bayyana, ka kunna OEM unlocking da USB debugging. Haɗa wayar da kwamfuta ta igiyar da ke ɗaukar bayanai, ba ta caji kawai ba. Wannan ƙaramin abu yana yawan sa kwamfuta ta kasa ganin waya. A Pixel umarnin buɗe makullin, wanda ake rubutawa a kwamfuta, shi ne fastboot flashing unlock. Daga nan UBports Installer, manhajar kwamfuta da ke ɗora Ubuntu Touch a waya, zai ƙarasa aikin.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne sigar Android. Ubuntu Touch yana aro direbobin Android ta hanyar Halium, wata gada tsakanin tsarin biyu, don kyamara da sadarwa su yi aiki, shi ya sa kowace waya take da sigar da dole ta kasance a kai kafin a ɗora shi. Pixel 3a, alal misali, sai an mayar da ita Android 9. Wanda ya tsallake wannan zai ga wayar ta maƙale a tambari, ko ta tashi ba sabis.

Da ta tashi, gwada kira da saƙo da data a layinka tun ranar farko. Inda kamfani ya rufe 2G da 3G, kira ya dogara ga VoLTE, wato kira ta hanyar 4G, kuma ba kowace waya ce take da shi a wannan tsari ba.

Manhajoji ana samunsu a OpenStore, shagon manhajojin Ubuntu Touch: TELEports don Telegram, Dekko don imel, uNav don taswira. WhatsApp kam babu nasa. Mafita ita ce Waydroid, wanda ke tafiyar da Android a cikin wayar, amma yana shan batir, kuma in ka rufe shi saƙonni ba za su shigo ba. Manhajojin banki da yawa suna ƙin buɗuwa saboda ba sa samun tantancewar Google. Ka gwada lambobin USSD na bankinka, ko shafinsa ta burauzar Morph.

A ganina, wanda kasuwancinsa ya rataya a WhatsApp da tura kuɗi ya riƙe tsohuwar wayarsa a gefe na mako biyu ko uku. In Waydroid ya gaza maka, duba Sailfish OS na kamfanin Jolla da ke Finland, wanda ke tafiyar da manhajojin Android a wasu wayoyin Sony Xperia, amma da lasisin da ake biya.