Yadda Ake Dafa Shinkafar Kwakwa da Mazarƙwaila Irin ta Indiya

A jihar Maharashtra ta Indiya ana kiran wannan girki narali bhat, kuma kayansa duk akwai su a babbar kasuwar Sakkwato. Uwargida ki tanadi shinkafar basmati kofi 1, gurzajjiyar kwakwa kofi 1, mazarƙwaila kofi ɗaya saura kwata, man shanu cokali 2 da kanumfari 4.

Ki wanke shinkafar, ki jiƙa ta minti 20. Ki soya kanumfari a man shanu har ya yi ƙamshi, ki zuba shinkafar da ruwa kofi 2, ki rufe ta nuna sarai. Nan ne mutane ke kuskure: idan mazarƙwaila ta shiga tun shinkafa ba ta gama nuna ba, ƙwayar ƙandarewa take yi, ko an ƙara ruwa ba za ta yi laushi ba.

Ki daddatsa mazarƙwailar, ki narka ta da ruwa cokali 3, sannan ki tace da rariya, don ta kasuwa ba ta rasa yashi ko ɓawon rake. Ki zuba kwakwar a ciki, ki juya minti 2.

Sai ki haɗa da shinkafar, ki rage wuta sosai. Za ki ga ta saki ruwa, kada ki damu. Ki rufe minti 10 za ta tsane. Wuta mai ƙarfi tana ƙona zaƙin, ƙasan tukunya ya yi ɗaci. Ki juya a hankali sau ɗaya kawai, ki sauke, ki watsa soyayyar gyaɗa ko zabibi.