Yadda ake haɗa wata da taurari na kwalliyar Sallah da ƙyallayen tela

Duk wadda ta taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ta san yadda ƙarƙashin keke yake, ƙyalle ne tuli guda, atamfa da shadda da leshi har da guntun karan-miski, wani bai fi tafin hannu ba, kuma gari na wayewa yaron shago zai share ya cusa a buhu a kai bola. To wannan buhun nake so ki je ki roƙa 'yar uwa. Ni telana har murna yake in na aika, wai na rage masa shara. Da su nake yin jinjirin wata da taurari in rataye a falo, baƙi su zo barka da Sallah suna tambaya a ina na saya.

Bayan ƙyallen za ki nemi almakashi mai kaifi, ba wanda yara suka gama yanka leda da shi ba, sai allura, zare mai ɗan kauri, alli ko guntun sabulu na zane, kwalin sukari, ribon siriri, da auduga ko abin cikin tsohon filo. Sai gam ɗin nan da teloli ke mannawa a wuyan riga don ya tsaya, su gamste suke ce masa, rabin yadi ya ishe ki har ki bar saura, masu sayar da kayan ɗinki duk suna da shi.

Asali dai da wani yadi mai kauri ake irin wannan aikin, irin wanda ake yin jar dara da shi. Shi ba saƙa shi aka yi ba, gashin ne aka danne har ya kama juna, shi ya sa ko ta ina kika yanka bakinsa ba ya zarewa. In kin samu guntayensa kin huta, ba ruwanki da gam, sai dai ki raba shi da dutsen guga mai zafi don yawancin na kasuwa akwai roba a ciki, narkewa yake. Atamfa kuwa saƙa ce, kina yanka ta ƙanana za ta fara zubar da zare, nan gam ɗin yake shigowa, shi ne duk sirrin aikin wallahi.

Ki fara da zaɓe. Ki zazzage buhun a tabarma a hankali don akan samu karyayyar allura ko fil a ciki, ki ware waɗanda suka kai tafin hannu, 'yan mitsi-mitsin kuma kar ki zubar, za su yi amfani a gaba. Ki wanke, ki shanya, ki goge.

Daga nan sai ma'auni, a jikin kwali za ki yi shi. Na wata ki kifa kofi mai faɗin baki kamar santimita 10 ki zagaye da biro, sai ki samo murfi da bai kai shi ba, kamar mai santimita 8, ki ɗora a kan da'irar ki ja shi gefe ɗaya har bakinsa ya ɗan fita waje, ki sake zagayewa. Abin da ya rage a tsakani shi ne watanki. Ki bar cikinsa ya kai santimita 4, in kika yi shi siriri irin na daren farko kyau ne a ido amma ba zai cusu ba. Tauraro kuma da'irar nan ta santimita 10 za ki sake yi, ki ɗiga ɗigo biyar a bakinta, tsakanin kowane biyu kusan santimita 6, sai ki ja layi daga ɗigo ki tsallake ɗaya ki sauka a na gaba har ki dawo inda kika tashi. Tef ɗin tela gefe ɗaya inci ne ɗayan santimita, ki duba da kyau kar ki tashi da tauraro kamar faifai.

Yanzu manna gam, kuma a manna kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Ki shafa shi da yatsa, gefen da yake da ɗan kaushi nan ne mai gam, shi zai kalli bayan atamfar. Ki ɗora wani tsumma a sama ki danna dutsen guga ki ƙirga goma, ki ɗaga ki matsa gaba, kar ki riƙa ja kamar mai gugar riga. Ranar farko ni juya shi na yi, ya bi ya manne a gindin dutsen, sai da na wuni ina kankara ina tsaki. In babu wuta na gawayi ma yana yi sarai.

In ya huce ki ɗora kwalin ta bayan ki zana ki yanke, kowane guda fuska biyu yake buƙata, gaba da baya. A tauraro ba matsala, amma wata in tsininsa biyu ba su fita daidai da juna ba sai kin kifa kwalin kafin ki zana na biyu, in ba haka ba bakin fuskokin ba zai hau kan juna ba, ki zo haɗawa ki ga farin gam a waje. Na taɓa yanka takwas haka kafin na ankara.

Duk adon da za ki sa, maɓalli ne ko duwatsu ko ɗan furen da kika yanko daga leshi, yanzu za ki ɗinke shi a fuskar gaba tun ba a haɗa ba, ƙullin zaren ya ɓuya a ciki. Wasu da gam ɗin kyandir suke liƙawa don sauri, ni dai a kan shadda ɓallewa yake min, gara allurar. In akwai mai rarrafe a gidan ki haƙura da duwatsu, komai baki suke kaiwa. Rubutu kuma Barka da Sallah ya isa, ban so a sa sunan Allah ko aya a abin da gobe za ki tsince shi a ƙasa yara na ƙwallo da shi.

Ki haɗa fuskokin biyu, gam na kallon gam. Ki yanko ribon santimita 15 ki ninka biyu ki cusa bakinsa a tsakani, a wata ki fara kafa shi da fil ki ɗaga ki ga yadda zai rataya, don yana son ya kife kamar ƙwarya. Sai ki daje bakin: ki soka allura daga gaba ta fita baya, kafin ki ja zaren ya ƙare ki zura allurar cikin 'yar madaukin da ya yi sannan ki ja, ki matsa kamar tsawon ƙwayar shinkafa ki maimaita. Zaren da ya saɓa da launin ƙyallen ya fi fitowa, ruwan gwal a kan shuɗiyar shadda abin sai wanda ya gani.

Kafin ki rufe ki bar ƙofa kamar yatsa biyu, ki tura auduga kaɗan-kaɗan da bayan biro, ki fara da tsinin. 'Yan mitsi-mitsin nan da kika ajiye ki daddatse su ki cika tsakiya da su. Kar ki ɗura har ya yi tim kamar alala, ɗan tudu kawai ake so, sannan ki ƙarasa ɗinkin.

Na farko zai ci miki kusan awa, daga na uku hannu ya saba, kina hira bayan tarawihi kina yi. In sun kai goma ki jera su a igiya mai mita 2, taƙi ɗaya tsakani, wata ɗaya taurari biyu. Wata maƙwabciyata Kirista kwalina take ara a Disamba ta yi nata taurarin ja da kore na Kirsimeti. Bayan Sallah ki kakkaɓe su ki zuba a roba mai murfi, kar ki wanke don audugar dunƙulewa take, Babbar Sallah wata biyu da kwana kaɗan ce sai ki sake fito da su.