Masu son koyon medikal kodin, kar ku yi saurin sayen littafi

Jama'a, in za ku fara koyon aikin sanya wa cututtuka lamba, ku riƙe kuɗinku tukuna. Lambobin ICD-10-CM, wato lambobin cututtuka da ake aiki da su a asibitocin Amurka, kyauta ne a shafin CDC da na CMS, hukumomin lafiya na gwamnatin Amurka, har da ƙa'idojin yadda ake sa su. Ku sauke a waya ko kwamfuta ku fara gwaji.

Aikin fa ba hadda ba ne. Likita ya rubuta abin da ke damun mara lafiya, kai kuma ka karanta ka nemo lambar da ta dace don inshora ta biya, misali hawan jini I10, ciwon suga nau'i na 2 da bai taɓa wata gaɓa ba E11.9. Ka fara duba sunan cutar a jerin haruffa sannan ka tabbatar a jerin lambobi, kar ka tsallake na biyun don Allah, a nan ne sharuɗɗan suke. Abin da likita bai rubuta ba kuma kar ka ƙirƙira, tambayarsa ake yi.

Sati kaɗan za ka gane ko aikin ya kwanta maka kafin ka biya kuɗin kwas.

Amma dabarar tana da iyaka. Lambobin CPT na tiyata da sauran ayyukan likita mallakar AMA ne, ƙungiyar likitocin Amurka, sai an saya. In kuma za ka zauna jarrabawar CPC, ta samun takardar shaidar ƙwarewa daga ƙungiyar masu kodin ta AAPC, ka nemi bugun littafin lambobin da suka amince da shi na shekarar, saboda duk 1 ga Oktoba ake sabunta ICD-10-CM, tsohon littafi zai iya kai ka ga lambar da aka soke.