Yadda ake shiga aikin kula da kwamfuta a Damagaram a lokacin da aiki ya yi wuya

Da wuya mako ya wuce wani matashi bai tare ni ba, ko a fada wajen shan shayi ko a ƙofar masallaci, ya ce: "Yaya, na gama karatun kwamfuta, na kai takardu wuri goma, har yau shiru." Ba na sallamarsa da "sai haƙuri", domin wahalar ta gaske ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta, kasuwa ta tsaya cik na watanni. Ba a gama farfaɗowa ba, a 2025 Amurka ta dakatar da kuɗin hukumarta ta agaji, USAID, shirye-shiryen ƙungiyoyin agaji da dama suka naɗe tabarma. Wanda ya shekara biyar yana kula da kwamfutocin wani shiri, yau yana layi ɗaya da kai.

Kowa idonsa na kan manyan wurare: matatar mai ta SORAZ, Jami'ar André Salifou, Babban Asibitin Ƙasa, bankuna, Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom. Kujerun can ƴan kaɗan ne, kuma da yawa daga Yamai ake cike su. Amma ka zagaya daga Birni zuwa Zango, ka bi ta Sabon Gari da Kasuwar Dole, ka ƙirga farmasi, makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, tashoshin bas da shagunan aika kuɗi irin su Nita da Amana. Kowanne yana da kwamfuta da firinta da akwatin intanet, kuma akasarinsu ba su da mai kula da su. Ba sa buga sanarwar neman ma'aikaci. Idan na'ura ta tsaya, sukan tambayi maƙwabci: wa ka sani mai hannu kuma mai amana? Duk matakan da zan faɗa maka domin sunanka ya zama amsar wannan tambaya ne.

Mataki na farko: ka san aikin da kake nema

Ba rubuta manhaja ba ne. Aikin shi ne a kira ka a ce firinta ta ƙi fitar da takarda, ko rezo, wato hanyar da ke haɗa kwamfutoci da juna da intanet, ya ɗauke, ko sakatariya ta manta kalmar sirrinta alhali shugaba yana jiran wasiƙa. Rabinsa ilimin na'ura ne, rabinsa sanyin hali da mutumin da hankalinsa ya tashi.

Mataki na biyu: ka samo tsohuwar kwamfuta ka wargaza ta

A nan nake son ka daɗe, ƙanena. Nemi kwamfutar da aka jefar a wani biro, ko ta hannu mai arha daga masu kawo kaya daga Kano. Buɗe ta. Cire RAM, wato guntun da ke riƙe aikin da ake kan yi, ka mayar, cire faifan ajiya, goge fanka, canza man sanyaya da ke kan ƙwaƙwalwarta, sannan ka haɗa ta ta tashi. Ka yi haka har hannunka ya daina rawa. Sa Windows daga ƴar ma'ajiyar USB, wadda muke ce wa kile, goge, sake sawa. Ka gwada sauya tsohon faifai da SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri, ka ga yadda na'urar da ake shirin zubarwa take dawowa da gudu. Wannan gyara shi kaɗai ya sa masu shaguna da yawa sun riƙe lambata.

Akwai abin da ya buɗe ƙofa yanzu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Ofisoshinmu cike suke da irin waɗannan. Wanda zai iya duba kwamfuta goma ya ce waɗannan huɗu za su ɗauki sabon Windows, waɗannan a sa musu Ubuntu, wani nau'in Linux da ke maye gurbin Windows, waɗancan a kwashe bayanansu a canza su, ya riga ya fi mai takarda da bai taɓa buɗe na'ura ba. Sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin taka, kyauta ne, ka koyi Linux a cikinsa ba tare da ka lalata komai ba.

Ka kuma lura da wani abu namu na kan iyaka. Kwamfutocin gwamnati da na ƙungiyoyi suna da Windows na Faransanci da allon rubutu na AZERTY, waɗanda suka zo ta Najeriya kuwa na Turanci ne da QWERTY. Dole ka iya biyun, ka san sunan kowane saiti a harsunan biyu. Tunda kundin tsarin ƙasa da aka kafa a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ka koyi saka allon da ke rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ƙaramin abu ne, amma malaman makaranta da ƴan rediyo suna nemansa.

Mataki na uku: rezo

Sayi awartakin matse waya, da kawunan wayar rezo da ake kira RJ45, da ƴan mitoci na waya. Haddace T568B, wato jerin launukan siraran wayoyi takwas a cikin kan RJ45: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada wayar ta wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura.

Sannan ka koyi bin matsala daki-daki, ba da kame-kame ba. Idan an ce babu intanet, fara da ido: wayar na ciki, fitilar akwatin na ci? Buɗe tagar umarni ta Windows ka buga ipconfig, zai nuna maka adireshin na'urar. Idan ka ga adireshi ya fara da 169.254, na'urar ba ta samu adireshi daga akwatin ba, matsalar tana cikin gida. Idan adireshin daidai ne, yi ping, wato umarnin gwada ko wata na'ura za ta amsa, zuwa akwatin, sannan zuwa 8.8.8.8, adireshin Google a intanet. Idan wannan ya amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa, duba DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa. Idan bai amsa ba, sai ka duba ko kuɗin layin ne ya ƙare kafin ka kira kamfani. Manhajar Packet Tracer ta Cisco, kamfanin kayan rezo, kyauta ce ga wanda ya yi rajista a makarantarsu ta intanet, kana iya gina rezon ofis sukutum a cikinta. Tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Nijar a 2025, ana ƙara neman wanda zai ɗora faranti a rufi, ya ja waya, ya raba intanet ɗaki-ɗaki.

Mataki na huɗu: wuta, zafi da ƙura

Darussan da ake yi a Turai da Amurka ba su damu da wannan ba, amma a Damagaram shi ne babban mai kashe na'ura. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa, wutar NIGELEC tana tafiya tana dawowa da ƙarfi. Ka san na'urar riƙe wuta, wadda ake ce wa ondilar, ka iya gwada batirinta da canza shi. Ka san aikin na'urar daidaita ƙarfin wuta, ka iya lissafin abin da batirin sola zai ɗauka.

Aikina na farko mai ɗorewa ta nan ya zo. Wani ƙaramin asibiti yana da kwamfutar da ke mutuwa kullum bayan azahar, har an ba su shawarar sayen sabuwa. Na buɗe na tarar ƙura ta toshe fanka kamar auduga, kuma an jingina na'urar da bangon da rana ke duka. Na share, na canza man ƙwaƙwalwa, na matsar da ita. Mai wurin ya ce: "Ɗana, nawa ne?" Na faɗi kuɗi kaɗan, na roƙi ya bar ni in riƙa zuwa duk wata ina duba sauran. Shekara biyu ina zuwa, kuma shi ya kai sunana wurin da aka ɗauke ni aiki.

Mataki na biyar: littafin gyara

Ana ce maka sai mai ƙwarewar shekara biyu, kai kuma ba wanda ya ba ka ranar farko. Ga maganin da na sani. Sayi littafi, duk gyaran da ka yi ka rubuta kwanan wata, irin na'urar, abin da ta yi, abin da ka gano, abin da ka yi mata, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ko kwamfutar kawunka ce, rubuta. Je makarantar da ka yi, ko islamiyyar unguwa, ko wata ƙungiyar mata, ka ce za ka kula musu da na'urori wata uku, ladanka takardar shaida mai hatimi da sa hannu. Wata uku, ba har illa masha Allahu ba. Aikin kyauta da ba a yanke masa rana ba yakan zama hakkin mutane a kanka. Manyan ofisoshi suna rubuta ƙorafin ma'aikata a manhaja irin GLPI, kuma littafinka shi ne wannan tsari a takarda. Ranar ganawa, gyara hamsin a rubuce sun fi "na iya" sau ɗari.

Ke ma ƙanwata, wannan aiki naki ne. Akwai mata da yawa, ƴan kasuwa da malamai, da ba za su miƙa wa namiji waya ko kwamfutar da hotunansu ke ciki ba, kuma akwai gidajen da namiji ba ya shiga.

Mataki na shida: takardun shaida, gwargwadon aljihu

Fara da na kyauta a makarantar Cisco ta intanet. Darasin Google na kula da kwamfuta, wanda ke shafin karatu na Coursera tun 2018, yana da hanyar neman sassaucin kuɗi. CompTIA A+, takardar shaidar gyaran kwamfuta, jarrabawa biyu ce, kowace ta haura dalar Amurka 200, CCNA kuwa, takardar shaidar rezo ta Cisco, dalar Amurka 300. A ganina kada ka ci bashi domin A+. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci sunan Cisco ya fi shiga kunne, don haka in ka fara samu, tara wa CCNA. Ka leƙa ofishin FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ka tambayi horon da ake yi.

Mataki na bakwai: kai takarda da ƙafarka

Yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka karɓi katin mai neman aiki, domin sanarwa da yawa suna neman sa. Takardar tarihin aikinka ta zama shafi ɗaya da Faransanci mai tsabta, ka ba wani ya duba maka kurakurai. Kada ka rubuta "na ƙware a kwamfuta". Rubuta cewa ka ja waya ka haɗa na'ura takwas a makaranta kaza, in har ka yi. Ka ƙara manhajojin KoboToolbox da Excel idan ka iya, ƙungiyoyin da suka rage da su suke tattara bayanai. Kada ka raina Mirriya, Magarya, Matamaye ko Tanut. Masu nema sun fi ƙaranci a can. Wanda ya ce ka biya kuɗi a ba ka aiki, ka bar shi da aikinsa.

A ganawa za su iya ajiye maka kwamfutar da ta ƙi tashi. Yi magana yayin da kake dubawa, su ji yadda kake tunani. Abin da ba ka sani ba, ce ba ka sani ba, ka faɗi inda za ka nemo. In an zo maganar albashi, ka tuna mafi ƙarancin albashi a doka jika 42 ne tun 2024, kuma ka nemi a rubuta yarjejeniya ko da gwaji ne.

Idan albashi bai samu ba tukuna, nemi shaguna huɗu ko biyar ku yi yarjejeniyar kulawa ta wata-wata: zuwa sau ɗaya domin shara da kwafe bayanai, da amsa kira idan abu ya lalace. Daga ranar farko ka kafa ƙa'idarka a gabansu. Ba ka buɗe hoton kowa, ba ka riƙe kalmar sirrin kowa, mai ita ya buga da hannunsa kana kallon gefe. Kafin ka goge faifai ka kwafe abin da ke ciki, mai shi ya duba ya ce ya gani. In ka canza wani sashe, miƙa masa tsohon a hannu tare da rasiɗin sabon, sannan ka rubuta a littafinka ya sa hannu a ƙasa.