Kafin ka sayi injin wanki a Damagaram, fara lissafin ruwa

Samari kan zo wurina a rumfata ta wankin motoci su tambaye ni wane inji ya fi, Kärcher ko irin na Sin da ake kawowa daga Kano. Ni kuma sai in ce, ƙanena, ina za ka samu ruwa idan bazara ta kama? Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san garin nan a kan dutse yake zaune. Ruwan famfonmu daga wajen gari ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma tsakanin Maris da Mayu unguwa sai ta wuni ta kwana famfo bai ɗiga ba. Mai inji da babu ruwa a ajiye, ranar nan zaman banza zai yi, ga kuɗin hayar fili na tafiya.

Don haka abin da za ka fara saya shi ne mazubi. Matsakaicin inji mai shan esansi yana fitar da wajen lita 10 a minti guda. Tano ɗaya lita 200 ne, wato bido 8 masu lita 25, ka ga ke nan idan ka danne bindigar feshin ruwa ba ka saki ba, cikin minti 20 tano ya ƙare. Wannan lissafin ka riƙe shi a ka. Je ka tambayi 'yan garuwan unguwarku nawa suke sayar da bido da damina, nawa kuma da bazara, ka ɗauki mai tsadar ka gina farashinka a kansa. Ka nemi tanki mai lita 1,000, biyu ma idan da hali, ka cika da dare lokacin da ruwa ya zo. Ka kuma ƙulla amana da mai garuwa ɗaya tun ruwa na da araha, kana biyansa a kan lokaci, domin ranar da kowa ke rububi shi ne zai tuna da kai.

Yadda kake wankin shi ke nuna ko ruwan zai kai ka yamma. Ka jiƙa babur da feshi na ɗan lokaci don laka ta saki, ka saki bindiga, ka ɗauki bokiti da soso da omo ka goge da hannu, sannan ka dawo ka ɗauraye. Injin na jiƙawa ne da ɗaurayewa. Yaron da ya tsaya yana bin taya da feshi har minti biyar saboda yana jin daɗin ƙarar, ribarka yake zubarwa a ƙasa.

Batun injin kansa kuwa, na lantarki ya fi arha kuma ba ya damun maƙwabta, amma lokacin zafi da wutar NIGELEC ke yawan ɗaukewa shi ne lokacin da zai bar ka da mota rabi a kumfa. Ni na esansi na fi yarda da shi. Kafin ka biya, ka tabbatar akwai mai gyaransa a gari kuma ana samun robobin famfonsa a kasuwa. Abubuwa uku ke kashe famfon inji: yashi, kunnawa babu ruwa, da barinsa yana aiki alhali an saki bindiga. Na ukun mutane ba su cika sani ba. Idan ba ka feshi, ruwan da ke ciki juyawa yake yi yana zafi har ya cinye robobi, saboda haka in za ka tsaya fiye da minti biyu, kashe shi. Na yashi kuma, sa matata a bakin tiyo, ka wanke ta kullum, musamman da hunturu.

Kawunan feshi launi-launi suke zuwa. Ja yana fitar da ruwa siriri tamkar allura, yana ɓare fenti, yana yanka fata. Ajiye shi a aljihu, kada ka bar wa yara. Kore da fari su ne na jikin mota da babur, baƙi na kumfa ne. Ka ja baya kamar kamu ɗaya daga jikin mota, kada ka nufi salansa, ko buji, ko matatar iska, ko wayoyin lantarki, ko cikin cibiyar taya inda giris yake. Kuma don Allah kada a yi wasa da bindiga a nufi mutum, ko da ƙafarsa ce za a wanke masa. Ruwan yana iya shiga ƙarƙashin fata, ciwon ya fi yadda ido ke gani, sai an dangana da likita. Inji mai esansi kuma a fili ake kunna shi, hayaƙinsa a cikin ɗaki yana kisa.

Sai maganar da ta fi damuna, wato samun da ba ya yankewa. Mai jiran wanda ya biyo hanya, yau ya samu jika biyar, gobe ko dala 100 babu. Abin da ke riƙe gida shi ne mutanen da suke dawowa. 'Yan kabu-kabu da masu adaidaita su ne ƙashin bayan wannan sana'a a garinmu, don abin hawansu shi ne shagonsu, kuma fasinja ba ya son hawa kan ƙazanta. Je ka tasharsu ka gaida shugabansu da ladabi, ka ce ranka ya daɗe, duk ɗan tasharku da ya zo sau huɗu, na biyar kyauta ne. Masu motocin haya na hanyar Magarya da Matamaye da Tanut su ma haka, sai dai su da asuba ko bayan isha'i suke so, dole ka daidaita lokacinka da nasu. Manyan motoci da tankokin da ke zirga-zirga tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 suna biya da kyau, amma mota ɗaya tana iya shanye ruwan da zai wanke babura da yawa. Kada ka karɓe su sai kana da fili da tankin da zai ɗauka.

Akwai kuma aikin da ba na mota ba. Kafin azumi da jajibirin Salla, darduma da kafet na gidaje da na masallatai suna fitowa da yawa. Idan kana da amalanke ko adaidaita, ka je ka ɗauko ka mayar da kanka, Hajiya ba za ta manta da wanda ya sauwaƙe mata ba. Ka kakkaɓe ƙura sosai kafin ruwa ya taɓa, ka shanya har ya bushe ƙarau don kada ya yi wari. Faranti na hasken rana kam, ko an roƙe ka, kada ka sa masa inji. Tsumma mai laushi da ruwan bokiti ya isa, da sassafe kafin ya ɗau zafi.

Kowace yamma ka rubuta a littafi abin da ya shigo, ka cire kuɗin ruwa da esansi da omo da na yara, ka ware wani abu na gyaran inji a wuri dabam wanda ba ka taɓawa ko da biki. Abin da damina ta kawo, lokacin da laka ke koro maka babura, shi za ka ci da bazara. Bashi kuwa ga wanda kuka yi yarjejeniyar wata kaɗai, shi ma a rubuce.

Ka je ma'aikatar magajin gari ka ji abin da ake biya na fili da na patanti, wato harajin sana'a, tun kafin su zo su same ka. Sannan ka haƙa ramin da ruwan wanki zai taru, ka zuba tsakuwa da yashi a ciki, kada ya gangara titi ko ƙofar gidan mutane. A garin da mata da yara ke tsayuwa layi da bido tun asuba, ba daidai ba ne a ga ruwa yana malala daga rumfarka. Baƙin mai da giris kuma ka tara su a galan dabam, masu gareji suna da abin yi da su.