Babi na Shida: Fitilar Akwatin Murjani

Darasi na Ɗaya

'Yan uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Wasu daga cikin 'yan ajinmu na yamma a nan Gombe suna aiki a otal ko a gidajen masu hali, an kuma ɗora musu kula da akwatin gilashi mai ruwan gishiri, wanda ake zuba kifaye masu launi da murjani. Dominsu aka yi wannan babi, amma kowa zai ƙaru, tunda karanta lamba a jikin kwali abu ne na kullum.

Murjani dabba ce mai rai, ko da yake ka gan shi kamar dutse. Alhazan da suka tsaya bakin Bahar Maliya a Jidda, to a ƙarƙashin wannan ruwa irinsa yake zaune. A cikin jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani. Su ne ke haɗa abinci da hasken rana su ciyar da shi, kamar yadda ganyen gero yake yi a gona. A cikin ɗaki kuwa, fitilar da ke saman akwatin ita ce ranarsa.

Darasi na Biyu

Ɗauki kwalin fitila. Juya shi a hankali, babu mai kora ka. Za ka ga lamba mai harafin W a bayanta, za ka kuma ga wata mai harafin K.

W yana nufin wat, wato yawan wutar da fitilar take sha. K yana nufin kelbin, wato launin haskenta. Idan ka ga 2,700K, hasken ja-ja ne irin na tsohon ƙwan ɗaki. Idan 6,500K ne, fari ne kamar na rana tsaka. Daga 10,000K zuwa 20,000K kuwa haske yana komawa shuɗi-shuɗi, kuma shi ake sa wa murjani, domin a teku ruwa yakan fara shanye jan haske, shuɗin ne ke nutsawa ƙasa.

Yanzu ɗora yatsanka a kan K. Ba a kan W ba, a kan K. W shi ne mai kama da haƙoran zarto, K shi ne harafin farko a kalmar kifi. Ka samu? Madalla. Ja yatsan zuwa hagu, ka karanta lambar da ke manne da shi. Mu ce 14,000K ce. Akwai waƙafi, bayansa sifili uku: dubu goma sha huɗu. Wani kwalin ba ya sa waƙafi, sai ka ga 14000K. Kada gabanka ya faɗi, ƙirga lambobin da yatsa. In biyar ne, ka kai dubu goma ko fiye. In huɗu ne, ba ka kai ba, mayar wa mai shago kayansa.

Mu sake. Nemo K. Yatsa a kai. Ja zuwa hagu. Ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. In ka kuskure ba komai, koma farko. Ba wanda aka haifa da iyawa.

Bara wani dattijo a ajinmu ya dawo daga kasuwa da ƙwan fitila a cikin leda, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Malam, na samo mai ɗari!" Na karɓa na duba, 100W ne, a gefe kuma an rubuta 2,700K da ƙananan baƙaƙe. Na ce, "Baba, wannan ɗarin na wutar da zai sha ne, ina K ɗin?" Ya yi shiru yana juya kwalin. Wallahi na ji tausayinsa, don da kuɗin aljihunsa ya saya.

Amma fa gaskiya sai an faɗa. Mako uku muna kan wannan abu ɗaya, har yanzu wasunku da sun ga babbar lamba sai su miƙa kuɗi. Wannan ba rashin ilimi ba ne, gaggawa ce, kuma ba na jin daɗinta. Haba jama'a! Wa zai sayi atamfa bai buɗe ya ga launinta ba? Ku nemi K tukuna. Ku ƙirga lambobi biyar. Sannan a yi ciniki.

Darasi na Uku

Launi daban, ƙarfi daban. Ana auna ƙarfin hasken da ke isa ga murjani da ma'aunin da ake rubutawa PAR. Murjani mai taushi yakan wadatu da 50 zuwa 150, mai tauri mai rassa yana neman 200 zuwa 400. Akwati mai zurfi sai fitila mai ƙarfi. Zaɓi wadda aka rubuta wa LED, domin ba ta cika ɗumama ruwa ba. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, kun kuwa san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu.

Sabuwar fitila a fara ta da rabin ƙarfi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. In aka sakar masa haske gaba ɗaya, murjani yakan kori tsirran jikinsa ya koma fari fat. Kafin ka saya dai, ka duba K.

Darasi na Huɗu

A kunna fitilar awa 8 zuwa 10 a yini, a kashe da dare. Kada a ajiye akwatin kusa da taga, rana za ta ɗumama ruwan, gansakuka kuma ta cika gilashin.

Darasi na Biyar

Gishiri yakan bushe a jikin fitila. Zare soket, goge da tsumma mai ɗan danshi, bari ta bushe kafin ka mayar.

Aikin gida: kwafi 14,000K sau goma a littafinka, ka ja layi a ƙarƙashin K.