Yadda Ake Shirin Ɗinkin Jakar Fata Kafin a Ɗauki Wuƙa

Fata ba yadi ba ce. Tela idan ya yi kuskure sai ya warware ɗinki ya sake, amma ramin da basilla ta huda a fata yana nan har abada. Shi ya sa duk wanda ya zauna da dukawan Shiyar Madunka a Sakkwato zai ga ba sa yanka sai sun gama shiri. Ga yadda ake shirin, musamman ga mai koyo.

Da farko ka san wanda zai riƙe jakar da abin da zai sa a ciki. Jakar almajiri mai ɗaukar Alƙur'ani daban take da ta amarya, ta amarya kuma daban da ta ɗan kasuwa. Ka karɓi littafin ko wayar da za ta shiga ciki ka auna tsawo da faɗi da kauri. Kaurin nan ne aka fi mantawa, sai an gama a ga marfi ya ƙi rufuwa.

Sai ka zana siffar a takarda, ka fitar da kowane ɓangare a kwali: gaba, baya, gefe, marfi, maratayi. Kowane gefen da za a ɗinke ka bar masa ƙarin wuri kamar faɗin ɗan yatsa. Daga nan ka yanka tsohon buhu ko atamfar da ta mutu bisa kwalin, ka harhaɗa da allura ka gani. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowane daraja, kuma shi matasa suka fi tsallakewa don suna ganin ɓata lokaci ne. Buhun da ka lalata bai ci maka ko kwabo ba, fata kuwa kuɗi ce. Tun ran gini ran zane.

Kada ka sayi fata sai kwalinka na hannu, ka tafi da shi wurin majema. Allah ya hore mana fatar jar akuya, wadda ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Amma ko ita ba kowace ce ke da kyau ba. Ɗaga ta ka fuskanci rana, za ka ga inda wuƙar mai fiɗa ta yi mata lahani, da tabon kaska, da kartar ƙaya. Lanƙwasa ta ka gani, idan fuskarta ta tsage to bagaruwa ba ta ratsa ta ba wajen jima. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a kai, domin jan rinin karan dafi ko baƙin rinin kuloko da bai kama ba zai ɓata wa mai jaka farar riga ranar Juma'a. Kuma ka sayi duk abin da aikin zai ci a lokaci guda, rinin yau da na mako mai zuwa ba sa zama ɗaya.

Idan ka koma rumfa, shimfiɗa fatar ka jera kwalayen a kanta kafin ka sa alli. Gadon baya ya fi ƙarfi, nan za ka fitar da gaba da maratayi. Wajen ciki da hammata yana miƙewa, bar shi don aljihun ciki da ƙananan ado.

Ka tsara jerin aikin a kanka: duk wani ado da zane ana yin su fata na shimfiɗe, kafin a haɗa jaka. Ka lissafa kuɗin fata da zare da gam da zip da shafi, sannan ka faɗa wa mai kaya farashi. Ka duba lokaci ma. Iskar hunturu tana busar da fata, sai an shafa mata mai, damina kuma tana sa ta fumfuna idan aka ajiye ta a ƙasa. Idan aikin Sallah ne, karɓe shi tun watan Sha'aban, don cikin azumi hannu ba ya sauri.

Sai ka wasa wuƙa, ka gwada ta a guntun fata, sannan ka yi bisimilla ka fara yanka daga ɓangare mafi girma.